An mayar da 'yata Fiziyoloji a CAPS, mu karɓa ko mu dakata?

Baban Hauwa, Garki: Assalamu alaikum. 'Yata ta ci 228 a JAMB, tana da kiredit biyar a NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistri da Fiziks. Nas ta nema a jami'a, jiya mai kafe ya duba mana a CAPS, shafin JAMB da ake karɓar gurbin karatu, ya ce an mayar da ita Fiziyoloji, ilimin yadda jikin mutum yake aiki. Ga kuma kwalejin kiwon lafiya ta Jahun a kusa da mu. Buhun riɗi shida na ajiye saboda karatun nan, ba ni da na bakwai. Mu danna karɓa ko mu dakata?

Ɗan Haɗejia: Wa alaikumus salam. Ta sake JAMB baɗi ta nemi likita kawai, shi ne karatu.

Malamin Lab, Wudil: Alhaji, kada a danna tukuna, domin in ta karɓa a CAPS an rufe mata ƙofar wani gurbin a bana. Abin dubawa a kwas ɗin lafiya shi ne lasisi, ba daɗin suna ba. Fiziyoloji, Anatomi da Bayokemistri shekara 4 ne, digiri ne mai kyau, amma babu hukumar da za ta ba ta lasisin taɓa mara lafiya. Koyarwa ce ko bincike. Nas a jami'a shekara 5, hukumarsu NMCN. Gwaje-gwajen asibiti, wato MLS, shekara 5, hukumarsu MLSCN. Ɗaukar hoto, wato Radiyografi, shekara 5, hukumarsu RRBN. Duka ukun in an gama sai rantsuwa, sai intanship, wato aikin horo, na shekara ɗaya, sannan bautar ƙasa. BUK na da su, a asibitin Malam Aminu Kano suke koyon aiki.

Ɗan Haɗejia: Ai da Fiziyolojin ma ana tsallakawa likita.

Malamin Lab: Ana yi, ta DE, wato shiga jami'a kai tsaye ba ta aji ɗaya ba, a koma aji biyu bayan an gama digirin. Amma guraben ba su da yawa, kuma sai sakamako mai ƙarfi. Kada a sayar da riɗi a kan "wataƙila".

Yaya Talatu, Gwaram: Malam ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Akwai yaron layinmu, ubansa ya jinginar da gonar fadama ya tura shi wata makaranta, aka ce "Lab" yake karantawa. Tun yana aji biyu tsofaffi suke ce masa Dakta, suna kai masa takardar gwajin taifot ya karanta musu. Da ya gama har rago aka yanka. Ranar da ya je neman aiki a asibiti, tambaya ɗaya aka yi masa: ina lambar rajistarka ta MLSCN? Ashe SLT ya karanta, fasahar ɗakin gwajin kimiyya, irin na makarantu da masana'antu, ba MLS na asibiti ba. Babu wanda ya taɓa bambanta masa. Yanzu yana ƙarƙashin laima a bakin tasha da na'urar POS, gonar kuma har yau ba a fanso ta ba. Uwar in ta ga farar riga a jikin igiyar shanya sai ta kau da kai.

Kawu Direba: Innalillahi. To ai Dakta ne har yanzu, aljihu yake dubawa.

Yaya Talatu: Kawu ba abin dariya ba ne, wallahi.

Abu Sumayya, Gaya: Laifin uban ne ko na makarantar?

Malamin Lab: Na rashin tambaya ne. Amincewa biyu ake dubawa: ta NUC, wato hukumar jami'o'i, da ta hukumar sana'ar. Sannan kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da hukuma ta yarda a yi wa rajista, abin da suke kira indeksin. In an ɗiba fiye da ƙima, na saman sai su yi ta jira, ba za su zauna jarrabawar lasisi da 'yan ajinsu ba.

Sista, Birnin Kudu: Baban Hauwa, tunda nas take so, me ya hana kwalejin jinya da ungozoma ta nan Birnin Kudu? Ta fito da lasisi, ta kama aiki, daga baya ta shiga jami'a aji biyu ta DE. Jahun kuma CHEW ne, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara 3, ƙaraminsa JCHEW shekara 2, aikin asibitin sha-ka-tafi. Hanya ce daban, CHEW ba nas ba ne, kada a haɗa.

Abu Sumayya: Jami'a dai a shekarar farko ka tanadi dubu 400, har da abinci.

Ɗan Haɗejia: Dubu 400 a wace shekarar? Rajista, ɗaki, farar riga, kuɗin mota zuwa asibiti kullum, in ba ka riƙe dubu 800 ba ka zauna a gida.

Sista: Kun cika tsoratarwa. NELFUND, asusun lamunin ɗalibai, na biyan kuɗin makarantar gwamnati, da dubu 20 duk wata na kashewa. Bashi ne dai, za a biya.

CHEW na Ɓaɓura: Sista, ki daina cewa "sha-ka-tafi" kamar abin raini. A ƙauye wa yake karɓar haihuwa ƙarfe biyun dare? Wa yake awon ciki, rigakafi, gwajin maleriya? Masu digirin nan ana turo su sai su nemi canji zuwa Dutse ko Kano.

Ɗan Haɗejia: Maganar jami'a ake yi, a bar waɗanda suka shiga jami'a su yi magana.

CHEW na Ɓaɓura: Kai da ka ce ta nemi likita da 228? A bar wa?

Kawu Direba: A raba su kafin a nemi mai ɗinki.

Yaya Talatu: Ni abin da nake so a faɗa wa Baban Hauwa, ko lasisin ma ba shi ne aiki ba. Ku leƙa asibitocin ƙauyukanmu, 'yan sa-kai ne cike. Yarinya da takardarta, shekara uku tana zuwa aiki ba albashi, sai ɗan na sabulu in an yi zagayen rigakafi.

CHEW na Ɓaɓura: Wannan gaskiya ne. In an zo ɗaukar aiki kuma sai ka ga sunan wanda bai taɓa riƙe sirinji a wurin ba.

Baban Hauwa: Allah ya saka da alheri. To yanzu in danna ko kada in danna? Mai kafe ya ce kada mu daɗe.

Abu Sumayya: Ba ma albashin ba, matsalar wuta a asibitocin ƙauyen. Firjin allurar rigakafi na sola ne, batir ya mutu, sai a zuba ƙanƙara a kula a ɗora a babur zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Wa yake biyan kuɗin man?

Kawu Direba: Baban Hauwa, nawa kake sakin buhun riɗin? Ina shiga Maigatari ranar Alhamis.