Ofishin masu rashi a asibitin Ingila: wa ya taɓa zuwa?

Ƙanwar Hajiya: Salamu alaikum. Mijin yayata ya rasu daren jiya Alhamis a wani asibiti a Manchesta. Nas ta ba mu ɗan littafi, ta ce da safe mu kira ofishin da ke kula da waɗanda aka yi wa rasuwa. Yaya ta shiga takaba, ko ruwa ta kasa sha. Dole sai ita za ta je, ko zan iya tsaya mata? Muna so a rufe shi kafin Litinin.

Ɗan Zariya: Allah ya jiƙansa. Ku kawo shi gida cikin danginsa.

Bakatsine: Kafin Litinin? Allah ya sa. Mahaifina ma ranar Juma'a ya cika. Na kira ofishin har na gaji, na tafi da ƙafata na tarar an rufe sai Litinin. Da suka buɗe suka ce maganar ta koma hannun korona. Kwana tara tsoho yana cikin firji, 'yan gida suna ta kira wai ni na yi sakaci. Ranar ƙarshe wata mata ta miƙo mini leda: hularsa, tabarau, da carbi. A wurin ajiye motoci na zauna na yi kukan da ban yi ba tun farko.

Na Goggo: Korona kuma? Ashe ba ta tafi ba?

Uwar Biyu: Ɗan nan, nan ba wurin wasa ba ne. Jami'in da ke binciken mutuwar da ba a tabbatar da sanadinta ba ake nufi. 'Yar'uwa, aikin jinya nake yi a nan Ingila. Tun Satumban 2024 akwai likita na daban da ke duba sanadin mutuwa, zai kira iyali ta waya. Ku gaya masa Musulmi ne, kuna gaggawa. Daga nan sai rajista, a ba ku koriyar takardar binnewa. Dangi na iya yin rajistar.

Bakatsine: Takardar shaidar mutuwa fam 11 ce, ku karɓi da yawa saboda banki.

Uwar Biyu: Ta koma 12.50.

Ɗan Zariya: Mai takaba dai ba ta fita.

Malam Ƙarami: Tana fita in da lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta.

Uwar Biyu: Ɗan Zariya, ka taɓa taka ƙasar nan? Ka san sai da izinin korona ake fitar da gawa daga ƙasar?

Ɗan Zariya: Hajiya, mutuwa ai ba ta neman biza.

Bakatsine: Ni abin da ke cina ƙungiyarmu. Shekara shida ina zuba kuɗin asusun jana'iza, ranar da ta faɗo mini ma'aji ya kashe waya.

Na Goggo: Taku ma? Tamu har yau ba mu ga lissafi ba.

Ƙanwar Hajiya: Sun ɗaga waya, sun ce likitan bai sa hannu ba tukuna. Don Allah wa ke da lambar masu wankan gawa?