Neman shawara: Guadalajara ko Veracruz, ina zan je kallon kiɗan gargajiya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyar ke nan ina karatu a birnin Meziko. Na kalli rawar Ballet Folklórico, ƙungiyar da Amalia Hernández ta kafa a 1952, ta burge ni ƙwarai, amma ta kan dandamali ce. So nake in ga yadda mutanen gari ke yi wa kansu kiɗa. Ina da hutun kwana biyar ƙarshen Janairu, kuɗina na tafiya ɗaya ne. Guadalajara zan nufa ko Veracruz?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in mariachi kake so, wato kiɗan nan na goge, gita da kakakin Turawa, jihar Jalisco inda Guadalajara take ce gidansa, UNESCO ma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2011. Sai dai ko a dandalin Garibaldi nan kusa da kai za ka same shi kowane dare. Adana kuɗinka.

Amsa ta biyu: Ƙanena, kama hanyar Tlacotalpan, wani gari a jihar Veracruz, bakin kogin Papaloapan, kada ka yi wata-wata. Lokacin hutunka ne makaɗan kiɗan gargajiyar Veracruz, wanda ake kira "son jarocho", ke haɗuwa a can don bikin Candelaria na 2 ga Fabrairu. Na je sau ɗaya, har yau abin bai bar raina ba. Katako suke ajiyewa a tsakiya, tarima sunansa, masu ƙananan gita da ake kira jarana su kewaye shi. Ba ganga, dugadugan masu rawa ne gangar. Na ga wani dattijo yana goga sanda a haƙoran muƙamuƙin jaki, yana dukansa da hannu, haƙoran na kaɗawa kamar caki. Mawaƙi ya jefa baiti, wani ya amsa masa, har asuba. Akwai jinin Afirka a kiɗan, don ta tashar Veracruz aka shigo da bayi da yawa. Kada ka hau katakon sai ka lura, wasu waƙoƙin mata kaɗai ke taka su.

Amsa ta uku: Ƙari kan maganar Yaya, bikin na coci ne, kai dai tsaya wajen makaɗa. In an miƙo maka torito ka ce a'a, akwai barasa a ciki, tamal kuma, wato dafaffen ƙullin masara a ganye, galibi da man alade ake yi. Nemi masauki tun yanzu, garin ƙarami ne, cika yake yi.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan yanki tikitin mota.