Shin ya kamata a hana keke hawa manyan titunan Kano?

Alhaji Mai Hayis: Assalamu alaikum. Zan kawo maganar da na san ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, amma shekara 22 da na yi ina tuƙin motar haya sun ba ni damar faɗinta. Daren jiya bayan sallar magariba, a kan Titin Zariya, sauran ƙiris in take wani bawan Allah da ya ɗaure buhu biyu a kariyar kekensa, babu fitila a gaba, babu a baya, ga shi sanye da baƙar riga, kuma ban gan shi ba sai da ya rage taku kaɗan tsakaninmu. Ra'ayina shi ne a hana keke hawa manyan tituna masu hannu biyu da gadoji, a bar shi a cikin unguwanni. A watan Janairun 2013 an hana achaɓa a birnin nan, aka yi ta kuka, kuma daga baya kowa ya saba. Ba ƙiyayya ce ta sa na faɗa ba, tausayin masu keken ne.

Malam Na-Keke: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mun gode wa Allah da ya tsare, kuma ba zan kare mutumin da ya hau titi da dare ba fitila ba, domin ya yi ganganci da ransa. Sai dai hukuncin da ka yanke ya wuce kansa ya faɗo kaina, don haka bari in gaya maka yadda yinina yake.

Ni malamin firamare ne, ina zaune a Unguwa Uku, makarantarmu kuma tana cikin gari. Nakan fita ƙarfe bakwai saura kwata, in maƙale bakin wandona na dama da roba don kada kaca ta kama shi, in ɗaure littattafan yara a kariya, in bi ta Gyaɗi-Gyaɗi da Dangi har Ƙofar Nassarawa. Tafiyar ba ta wuce minti 35. Ina da babur a da, amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta zarce dubu, sai na lissafa na ga albashina ba zai ɗauki tanki da tukunya a lokaci guda ba. Na sayar da shi na gyara tsohon keke ƙirar Raleigh na mahaifina. To, Alhaji, wace hanyar unguwa ce za ta kai ni daga gidana zuwa cikin gari ba tare da na taɓa babban titi ba? Idan aka hana ni titin, aikin aka hana ni.

Abin da nake gani kullum kuwa shi ne direban da zai zo bayana ya ɗora hannu a kan hon kamar an ce masa gidansa na ci da wuta, ya matse ni har madubinsa ya shafi gwiwar hannuna, ya wuce yana zagi. Bayan minti biyu sai in iske shi a danja yana jira, in tsaya a gefensa, mu haɗa ido, ya kau da kai. Bai ci ribar komai ba, ni kuwa ya sa raina a kan siraɗi saboda daƙiƙa goma. Achaɓa kuma da ka kawo misali da shi, dalilin tsaro ne ya sa aka hana shi, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, ba don yana tare wa motoci hanya ba.

Alhaji Mai Hayis: Malam, na karɓi gyara a kan dalilin hana achaɓa. Amma maganar hon, ka yi mana adalci. Idan na danna maka hon, sanar da kai nake yi cewa ina tafe, domin yawancinku ba ku da madubi, kuma kuna karkatowa cikin titi ba tare da kun waiwaya ba.

Malam Na-Keke: Akwai hon na sallama, akwai na kora, kuma duk wanda ya taɓa zama a kan sirdi ya san bambancinsu. Na farko gajere ne, daga nesa ake yinsa. Na biyu sai an zo daf da ƙeyarka ake sake shi, kuma shi ne ke firgita yaro ko dattijo har kan keken ya kuɓuce masa. Karkatowar da kake gani kuma tana da dalili. Gefen titin da ake cewa namu ne, a nan yashi yake taruwa, a nan ake zubar da fasassun kwalabe, a nan murfin kwalbati yake ɓacewa, a nan masu kaya suke baza teburansu, a nan kuma ake ajiye motoci. Tayar keke siririya idan ta shiga yashi zamewa take yi, saboda haka dole in fito in kauce, kai kuma daga kujerarka ba ka ganin abin da na kauce wa.

Ɗan Sahu: Ina neman afuwar manya, amma ni a ganina idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu a daidaita sahu kullum mu ake zagi, alhali masu keke ne suka fi kowa bin hannun da ba nasu ba. Za ka ga mutum ya taho yana fuskantarka a gefen da kake sauke fasinja, kuma idan danja ta tsayar da kowa shi sai ya sulale ya wuce, kamar dokar ba da shi aka yi ta ba. Ba shi da lamba, ba shi da lasin, ba ya biyan haraji, ba wanda zai kama shi.

Baba Mai Faci: Yaro, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ka bar batun haraji, domin titi ba da kuɗin lamba kaɗai aka gina shi ba, kuma keke bai taɓa fasa kwalta ba. Ni shekarata 40 da wani abu a gindin bishiya ɗaya ina ɗaurin sifok da faci, tun lokacin da ma'aikacin gwamnati yake karɓar bashin keke ya sayi Raleigh ko Phoenix, ya goge shi da tsumma ranar Juma'a kamar doki. A wancan zamanin babu keken da zai fito ba dainamo da ƙararrawa. Yanzu kuwa, ina faɗa da kunya, a cikin kekuna goma da ake kawo mini da wuya in sami uku masu birki biyu lafiyayyu. Mutum zai biya kuɗin faci, in nuna masa robar birkinsa ta cinye har ƙarfe yana cin gargare, ya ce mini sai wani jiƙon, da takalminsa yake tsayawa. Wannan laifinmu ne, ba na direba ba.

Sai dai akwai abin da gargare yake gaya mini wanda mai shi ba ya buƙatar faɗa. Idan mai keke ne ya afka wa wani abu, tayar gaba ce take lanƙwashewa. Waɗanda ake kawo mini a kafaɗa, mafi yawansu tayar baya ce ta naɗe kamar tabarma, wato daga baya aka same su, suna tafiya a hannunsu, da rana tsaka. Wannan ba rashin fitila ba ne.

Malama Nas: Baba ya taɓo inda nake so in tsaya. Ina aiki a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗari, kuma abin da muke gani shi ne gudun motar ne yake yanke hukuncin ko mutum zai tashi da ƙujewa ko kuma a rufe shi da zane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfe tsakanin jikinsu da kwalta. Idan muka bi shawarar Alhaji har ƙarshenta, sai mu hana masu tafiya a ƙasa tsallaka titi su ma, tunda su ma ana bankewa. Ina kuma roƙon Malam da 'yan uwansa su daina raina hular kwano, domin karayar ƙafa muna ɗaurewa, amma rauni a ka wani lokaci sai dai addu'a.

Malam Na-Keke: Malama, na amsa laifina a nan. Ina da rigar nan mai ƙyalli da fitilar caji gaba da baya, amma hular kwano na kan bar ta a gida lokacin zafi, kuma na san uzuri ne mara ƙarfi.

Injiniya: Ina so in sa lissafi a cikin maganar, domin Alhaji ya ce bai ga mutumin ba sai da ya rage taku kaɗan. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma direba mai cikakken hankali yana buƙatar aƙalla daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta isa birki. Ke nan kafin motar ta fara rage gudu ta riga ta shafe tsawon motoci uku ko huɗu. A kilomita 30, rabin wannan ne, kuma tazarar tsayawa bayan an taka birki tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta sa kilomita 50 a cikin gari, kuma ita wannan ƙa'idar ta san da mai keke a matsayin mai haƙƙi a titi. Ina tambaya cikin girmamawa, Alhaji, nawa allurarka take nunawa daren jiya?

Alhaji Mai Hayis: Injiniya, ba zan yi maka ƙarya ba, allurar motata ta daɗe da mutuwa. Amma ku da kuke zaune a ofis ku sani cewa direban haya ba don nishaɗi yake sauri ba. Akwai balas da zan kai wa mai mota kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba, akwai kuɗin mai, akwai na tasha, kuma sawu ɗaya da na rasa shi ne cefanen gidana. Fasinjan da yake zagina idan na yi gudu shi ne yake zagina idan wata mota ta wuce mu.

Injiniya: Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ban yarda wa'azi kaɗai zai gyara lamarin ba. Mutanen Holan da ake misali da su a yau ba haka suka tashi ba. A 1971 haɗarin hanya ya kashe kimanin mutum 3,300 a ƙasar, fiye da 400 yara ne, sai iyaye suka fito zanga-zanga, ga kuma tsadar mai ta 1973 ta zo ta same su, daga nan hukumomi suka fara ware wa keke hanyarsa da shinge da rage gudu a unguwanni. A Birtaniya, tun Janairun 2022 ƙa'idar hanya ta ce direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke. Kada a ce sai Turawa, domin a Wagadugu ta Burkina Faso akwai manyan titunan da aka keɓe wa masu ƙafa biyu gefensu. Mu kuwa mun yi gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu kyau, amma da mota kaɗai aka zana su a zuciya. Mai keke da ya iso bakin gada, inda motoci suke rabuwa wasu sama wasu ƙasa, dole ya ratsa layin masu gudu kafin ya sami nasa.

Baba Mai Faci: Kun tuna mini da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran jama'a su koma keke. A 2001 ya hau nasa a Abuja, wata bas ta ture shi cikin kwata, jaridu suka yi ta dariya. Ni ban yi dariya ba, domin na ce idan minista bai tsira ba, ina ga mai tallan biredi.

Alhaji Mai Hayis: Baba, ai ka ƙarfafa maganata ke nan. Tunda ba a gina hanyar keken ba tukuna, a dakatar da su har a gina.

Malam Na-Keke: Alhaji, idan aka kore mu yau, gobe za a ce babu masu keke a titin, don me za a kashe kuɗi a yi musu hanya? Kuma kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya, akwai abin da ba ya buƙatar kwangila: a kwashe yashin gefen titi, a mayar da murafen kwalbati, a hana ajiye mota a inda aka hana, Hukumar Kiyaye Haɗurra da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, su riƙa tsayar da mai keken da ba shi da fitila ko ya bi hannun da ba nasa ba kamar yadda suke tsayar da kai. Na yarda a ci ni tara idan na keta danja. Abin da nake nema a wurinka shi ne idan ka hango ni ka ɗaga ƙafa daga totur, ka jira motar da take ɗaya layin ta wuce, sannan ka ba ni faɗin hannu biyu ka wuce.

Ɗan Sahu: Faɗin hannu biyu a Titin Zariya ƙarfe bakwai na safe, Malam? Ni kaina da nake da ƙafa uku ba a ba ni rabin haka.

Alhaji Mai Hayis: Na janye maganar cikin gari da rana, amma ban janye ta gada da dare ba, kuma a kan wannan ba na jin akwai wanda zai sauya mini ra'ayi. Baba, nawa ake sayar da fitilar bayan nan mai ƙiftawa? Mutumin jiya na san inda yake sauke buhunansa.

Baba Mai Faci: Ka turo shi wurina da keken gaba ɗaya, Alhaji, domin na tabbata birkinsa ma yana buƙatar dubawa. Fitilar ka biya, ɗaurawa kuma kyauta ne. Allurar motarka dai ba aikina ba ce, sai ka nemi mai waya.