Musayar Waƙa: Ƙarar da Emma Ta Kai Kotu

Ta-Zazzau: Salamu alaikum. Yau ƙwar biyu ce, amsa-amo "ta". Mai baiti ya ɗora.

Ku zo ku ji labarin Emma DeGraffenreid,
Baƙar Ba'amurkiya, Sen Luwis garinta.

A kamfanin mota General Motors take neman abinci,
Da kasuwa ta faɗi aka sallame ta.

Dokar wurin, wanda ya zo a ƙarshe,
Shi ake fara nuna wa hanyar fita.

Kafin 1964 ba a ɗaukar baƙar mace,
To ina za ta samo shekarun da za su tsare ta?

Su biyar, baƙaƙen mata, suka kai ƙara gaban alƙali,
A 1976 ya sa ƙafa ya shure ta.

Malam Na-Gwale:

Ranki ya daɗe, ni ban ga zalunci ba,
Shari'a ai sai da hujja ake cin ta.

Mata na aiki a can, baƙaƙe ma suna yi,
To wace wariya ce aka nuna mata?

Da ta ƙaro ilimi, ta koyi sana'a,
Mai gyara kansa ba ya rasa mafita.

Inna Ta-Damagaram: Malam ya yi saurin yanke hukunci, kamar alƙalin nasa.

Malam, tsaya, lissafinka da saura,
Matan da ke ofis duk farar fata.

Baƙaƙen da ke haɗa mota kuwa maza ne,
Baƙar mace a da ba layin da ya ɗauke ta.

Alƙali ya ce ta zaɓi guda ta kawo,
Ko zamanta mace, ko launin jikinta.

Biyun a haɗe ya ƙi ya saurara,
Alhali a haɗe suka taru suka danne ta.

Kimberlé Crenshaw, malamar shari'a,
A 1989 ta tono ƙarar ta nazarce ta.

Ta ce kamar mai tsayuwa ce a mararraba,
Motar gabas da ta kudu sun banke ta,

Ana ta musun direban da ke da laifi,
Tana kwance a titi, ba mai ɗaga ta.

Auta: Ku yi haƙuri da karina, koyo nake.

Inna, kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Takardun kwas sun cika mini jakata.

Duk inda na je aka ce sai an kira ni,
In dawo gida ina tuhumar ƙwaƙwalwata.

Dare ya raba ina bitar amsoshina,
Ban taɓa tambayar wa ya tsara ƙofar ba, da faɗinta.

Inna Ta-Damagaram:

Ilimin naki ne, ba mai ƙwace shi,
Zargin kai kaɗai za ki sauke, 'yata.

Audre Lorde, baƙar marubuciya, na jinyar ciwon daji,
Ta sa kula da kai cikin gwagwarmayarta.

Ki huta, ki ci, ki nemi 'yan'uwanki,
Wannan kaya mace ɗaya ya fi ƙarfinta.

A 1974 baƙaƙen mata a Boston
Suka haɗa ƙungiya, Combahee sunanta,

Sunan kogin da Harriet Tubman, mai yaƙi da bauta, a 1863
Ta kai samame, bayi sama da 700 suka kuɓuta.

Malam Na-Gwale:

Inna, na janye batun ƙaro ilimi,
Ba jahilci ba ne ya jawo korarta.

Amma dokar daɗewa a aiki fa,
'Yan ƙwadago ne suka sha wuya kan a kafa ta,

Don kar manaja ya kori wanda ya tsana,
Tsohon lebura, baƙi ko fari, na fakewa da ita.

In an bar Emma, wa za a sallama?
Wanda ya san amsa ya zo ya faɗe ta.