Usur a Hannun Wa?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar yaro ce ta hana ni barci. Amsa-amonmu "wa", kowa ya ɗora.

Daren jiya mun je gidan kallo,
Ni da Auta muna ta bin ƙwallo,
Ya ce, "Baba, baƙaƙe ke ta cin ƙwallo,
To usur fa, wa ya hana su busawa?"

Na ce Uriah Rennie ya riƙe shi,
A 1997 Firimiya ta ba shi,
Ɗan Jamaika, Sheffield ta rene shi,
2008 ya ajiye, aka rasa mai biyowa.

Hajiyar Damagaram:
Ɗan Fagge, baitinka ya sosa rai,
Shekara 15 ana jira dai,
Ba baƙi ko guda a tsakiya, sai
Sam Allison ya zo yana shigowa.

Tsohon ɗan kwana-kwana ne, mai kashe gobara,
26 ga Disamba ya fara,
2023, Sheffield United da Luton suka kara,
Na ga hotonsa, idona na cikowa.

Malam Na-Tudu:
Hajiya, a yi mini afuwa, ina da ja,
Usur bai san baƙi ba, bai san ja,
Mai gudu da sanin doka shi ke da daraja,
Cancanta kaɗai ya kamata a bi gun zaɓowa.

Tsohon Rafali:
Malam, na yarda, amma tsaya ka ji ni,
Na busa usur a ƙura da rani,
Akwai mai littafi a gefe yana duba ni,
Makin da ya rubuta shi ke hawarwa ko saukarwa.

Wa ke zaune a kujerar rabon wasa?
Wa ke cewa wane ya hau, wane ya yi ƙasa?
In duk kamarsu ɗaya, Malam, ka lissafa,
Mai kama da su ne ido zai fara hangowa.

Said Belqola na Maroko ka tuna,
1998, wasan ƙarshe na Kofin Duniya ya busa musu,
Faransa da Brazil, duk duniya na kallo,
Ashe in an ba mu, muna iyawa.

Hajiyar Damagaram:
Tsoho, baitinka na uku ya karya amo, amma na yafe, gaskiya ce a ciki.

Jarnail Singh da rawaninsa ya yi alƙalanci,
Ƙananan rukunin Ingila ya zaga da mutunci,
Sai 2024 ɗansa Sunny ya samu izini,
Firimiya ta buɗe masa ƙofar shigowa.

Malam Na-Tudu:
Na sauko rabi, Tsoho, na ji batunka,
A sa irinsu Rennie cikin masu auna aikinka.

Ɗan Fagge:
Malam, Rennie ya rasu a Yunin 2025,
Na faɗa wa Auta, ya yi shiru a ƙofa,
Da safe ya riƙe rigata ya ce, "Baba,
In ka je Kurmi, usur nake son ka sayowa."