Neman shawara: in sa kalmar "monstrosity" a rubutuna?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibar ungozoma ce, ina rubutu a kan jariran da ake haifa da tawayar halitta. Wani tsohon littafin likitanci da na samu a laburare yana kiran irin wannan haihuwa "monstrosity". Na duba ƙamus, sai ya kai ni ga dodo. Abin ya tsaya min a rai, don na taɓa karɓar jaririn da ƙoƙon kansa bai rufe ba, uwar tana ta tambaya mace ce ko namiji. Daga ina kalmar ta fito? Kuma ya dace in sa ta?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam 'yata. Tushenta Latin ne, monstrum, daga aikatau monere, wato yin gargaɗi. Rumawan dā in aka haifi ɗan maraƙi mai kai biyu, ko yaron da halittarsa ta saɓa, ɗauka suke allolinsu ne suka aiko da alamar wata masifa na tafe. Ta Faransanci 'yar uwarta "monster" ta shiga Turanci wajen 1300. A hankali ma'anar gargaɗin ta ɓace, aka bar abin tsoro da muni kawai. Yau har ƙaton gini marar fasali Bature kan kira shi "monstrosity".

Wani ɗalibin likitanci: Ƙari a kan na Malam, sunan fannin nazarin tawayar halitta ma, teratology, daga teras na Girkanci ne, mai irin wannan ma'ana. Wani masani Bafaranshe, Isidore Geoffroy Saint-Hilaire, shi ya yaɗa shi a littafinsa na 1832.

Tsohuwar ungozoma: Ƙanwata, kada ki sa ta, sai dai a sashen tarihi, ki nuna tsohon suna ne da aka daina. Abin da ake rubutawa yanzu shi ne congenital anomaly, wato tawayar halitta da aka haifi jariri da ita, wanda kika gani kuwa da alama anencephaly ne, wato a haifi jariri babu wani babban ɓangare na ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai. Ki kira shi da sunansa, ki kawo maganar folic acid, sinadarin bitamin mai rage haɗarin irin wannan tawaya, da ake so mace ta fara sha tun kafin ta ɗauki ciki. Matan nan suna komawa gida ana ce musu aljani ya shafe su ko sun yi wankan dare. Bai kamata a ji makamancin wannan daga bakinmu ba.

Mai tambaya: Na gode Anti, na gode Malam. A sashen tarihi zan bar ta. Allah Ya saka da alheri.