Oscar ta koma rabon kaso, ko dai surutu ne kawai?

Malam Sani: Jama'a, ni dai na daina ɗaukar kyautar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, da muhimmanci. Tun bikin 2024 fim ba ya shiga takarar gwarzon fim sai ya cika sharuɗɗan wakilci: a sa baƙar fata, a sa mata, a sa masu buƙata ta musamman. To ina cancanta ta tafi? Hatta ɗan wasa Richard Dreyfuss cewa ya yi abin amai yake sa shi.

Hajiya Rabi: Malam, ka karanta sharuɗɗan kuwa? Huɗu ne, biyu kacal ake so a cika. Na farko ne kaɗai ya shafi fuskokin da ake gani a fim. Na biyu shugabannin aiki da ma'aikatan bayan fage ne, na uku ɗaukar masu koyon sana'a ana biyansu, na huɗu masu talla da rarraba fim. Kamfani kan iya cika na uku da na huɗu ba tare da ya taɓa labarin ko 'yan wasa ba. Wane fim ne ya ci a 2024? Oppenheimer, wanda kusan duk manyan 'yan wasansa Turawa ne. Wa ya hana shi?

Bashir: Yawwa Hajiya, ai nan ne ma matsalata. Idan babban kamfani zai tsallake da ofishin tallarsa, dokar ba ta da haƙori. Ƙaramin furodusa da ba shi da kuɗin biyan masu koyo shi ne zai ji jiki.

Malam Sani: Ka ga ni! Ko ta ina aka duba ba ta da amfani.

Hajiya Rabi: A'a Malam, kada ka laɓe bayan Bashir. Kai cewa ka yi ta yi tsauri, shi cewa ya yi ta yi laushi. Kuma kafin dokar cancanta zalla ake bi? A 2015 da 2016 duk mutum 20 da aka tsayar a rukunonin wasa farar fata ne, shekara biyu a jere. Abin da ya haifi gangamin ƙorafi na intanet #OscarsSoWhite, wato Oscar ta farar fata ce zalla, ke nan, shi ya sa aka sanar da sharuɗɗan a Satumban 2020.

Zainab: Baba Sani, da girmamawa, ba kai ne kake kare tsarin raba daidai a ɗaukar aikin gwamnatin tarayya ba? Sashe na 14(3) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 fa. Idan 'yan kudu suka ce yana kashe cancanta, ranka ɓaci yake yi.

Malam Sani: 'Yata, wancan dukiyar kowa ce, dole kowace jiha ta samu. Fim kuwa kuɗin mutum ne da basirarsa.

Zainab: Ai ba a hana kowa yin fim ɗinsa ba, Baba. Ƙungiyar masu kyautar ce ta ce ga sharaɗin shiga gasarta.

Bashir: Kuma a Amurkan ma iska ta juya. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, a shari'ar jami'ar Harvard. Kamfanoni da dama sun ja da baya kan shirye-shiryensu na wakilci.

Hajiya Rabi: Hukuncin kan jami'o'i ne, Bashir, bai ambaci Oscar ba. Malam, ina jira: fim ɗaya mai kyau da sharuɗɗan suka kora, faɗi sunansa.

Malam Sani: An kira la'asar, Hajiya. In na dawo.